Gwajin haɗaka: dabarar tantance mutum dubu da kuɗin mutum ɗari biyu, da inda take karyewa

Duk wanda ya shiga jirgi a filin jiragen saman Yamai a shekarar 2021, ko ya dawo gida daga Abijan, Dakar ko Faransa, bai manta da takardar gwajin korona ba. Ƙungiyar UEMOA ta tsayar da farashin gwajin a jika 25 ga mai tafiya ta sama. Mutane da yawa sun ga tsadarsa, amma tsadar tana da dalili: kowane gwaji na PCR yana cin sinadaran da ba a yin su a Nijar, sai an sayo daga waje da dala ko yuro, an ɗauko su cikin sanyi, an kuma samu ƙwararren da zai zauna gaban na'ura na tsawon awoyi.

Korona ta lafa, amma matsalar kuɗin gwaji tana nan, har ma ta ƙaru. Tun watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na kiwon lafiya ga ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. A cikin shekarar ce kuma asusun Global Fund, mai biyan kaso babba na yaƙi da tarin fuka, SIDA da zazzaɓin cizon sauro, ya rage kuɗin da ya riga ya ware wa ƙasashe. A gida kuma, tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano sun koma doguwar hanyar Lome da Burkina Faso. Ke nan sinadarin gwaji ya ƙara wuyar samu a daidai lokacin da mai biyan kuɗinsa ke janye hannu.

A irin wannan hali ne ya dace a waiwayi wata tsohuwar dabara da ƙasashe da dama suka farfaɗo da ita lokacin korona: a haɗa samfuran mutane da yawa a kwalba guda a gwada su tare. Dabarar tana aiki, an tabbatar. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma wanda bai kiyaye su ba zai yi asarar kuɗi da lokaci, wani lokacin ma har da rai.

Yadda abin yake

Dillalin wake a kasuwar Maradi ya san wannan hikimar tun kafin likitoci. Idan aka kawo masa buhu goma, ba ya zazzage kowanne. Yakan ɗebi kaɗan daga kowane buhu ya zuba a faifai ɗaya ya duba. In bai ga ƙwaro ba, buhunan goma sun wuce da dubawa guda. In ya ga ƙwaro, ya san aƙalla buhu ɗaya ya ɓaci, sai ya koma yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Haka ake yi a ɗakin gwaji. Ana ɗaukar samfur daga kowane mutum, majina ko jini ko kaki, a raba shi biyu. Kashi ɗaya a ajiye da lambar mai shi, ɗayan a haɗa da na wasu mutum tara. Idan gwajin haɗakar ya fito babu cuta, mutum goma sun samu sakamako da sinadarin mutum ɗaya. Idan ya nuna cuta, sai a ɗauko waɗanda aka ajiye a gwada kowanne shi kaɗai.

Wanda ya fara rubuta lissafin wannan dabara shi ne Robert Dorfman, wani masanin tattalin arziki na Amurka, a shekarar 1943. Lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, rundunar Amurka tana gwada jinin miliyoyin samarin da za ta ɗauka soja don gano masu tunjere. Mafi yawansu lafiya lau suke, saboda haka kusan duk gwajin da aka yi yana fitowa babu komai. Dorfman ya nuna cewa in cuta ba ta da yawa a cikin jama'a, gwada kowa shi kaɗai ɓarnar sinadari ce.

Lissafin da ke yanke hukunci

A ɗauka za a tantance mutum 1,000 a wata unguwa ta Damagaram, kuma mutum 1 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar. In an raba su goma-goma, za a yi gwaji 100 a zagaye na farko. Wajen rukuni goma ne za su nuna cuta, sai a sake gwada mutanen cikinsu, kusan mutum 100. Jimilla gwaji kusan 200 maimakon 1,000. An tsimi kashi 80 cikin 100 na sinadari.

Yanzu a ce cutar ta bazu, mutum 5 cikin 100 suna da ita. Rukuni huɗu cikin kowane goma za su nuna cuta, jimillar gwaji ta haura zuwa kusan 500. Har yanzu akwai riba, amma ta ragu sosai, kuma a nan gara a rage girman rukunin zuwa biyar-biyar, wanda zai sauko da adadin zuwa wajen 430.

In kuwa mutum 20 cikin 100 ne suka kamu, kusan kowane rukuni na goma zai samu mai cuta a ciki. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, balle a samu biyu a kowane faifai. Jimillar gwaji za ta kai kusan 990, wato ba a tsimi komai ba, an ƙara wa ma'aikata aiki ne kawai, an kuma jinkirta sakamako. Da zarar masu cutar sun kai wajen kashi 30 cikin 100, babu wani girman rukuni da zai yi amfani.

Wannan ne jigon maganar: gwajin haɗaka makami ne na lokacin da cuta ba ta riga ta yi yawa ba. Shi ya sa a watan Afrilun 2020 hukumar binciken lafiya ta Indiya ta ba da izinin haɗa samfura har biyar a yankunan da masu kamuwa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, ta kuma ce kada a yi shi inda suka haura kashi 5.

Abin da aka gani lokacin korona

Ƙasar Sin ce ta yi amfani da dabarar a mafi girman mataki. Daga 14 ga Mayu zuwa 1 ga Yunin 2020, birnin Wuhan ya gwada mutum kusan miliyan 10, an kuma haɗa samfura a wani ɓangare na aikin. An samu mutum 300 masu ɗauke da cutar ba tare da alamun ciwo ba. A watan Oktoba na shekarar, birnin Qingdao ya gwada sama da mutum miliyan 10 cikin kwana biyar ta hanyar haɗaka. A Jamus kuma, a 2021, jihar Rhine ta Arewa da Westfaliya ta shigar da dabarar makarantun firamare: kowane yaro ya tsotsi tsinken auduga na rabin minti kamar alawa, a tattara na aji guda a kwalba ɗaya. Sai in ajin ya nuna cuta ne ake bin yara ɗaya-ɗaya.

Amma misalan da suka fi kusa da halin Nijar suna nan Afirka. A Ghana, cibiyar bincike ta Noguchi da ke jami'ar Legon a Akara ta rungumi haɗaka tun farkon annobar, tana gwada samfura har goma-goma. Da haka Ghana ta shiga sahun ƙasashen Afirka da suka fi yin gwaji a watannin farko, alhali sinadari yana ƙaranci a duniya baki ɗaya, ƙasashe masu arziki suna saye shi tun kafin ya fito masana'anta.

A Ruwanda an ƙara wa dabarar wani mataki. Wani masanin lissafi ɗan Kamaru, Wilfred Ndifon, na cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, AIMS, tare da likita Leon Mutesa na jami'ar Ruwanda da abokan aikinsu, sun tsara hanyar da samfurin mutum ɗaya zai shiga rukuni fiye da ɗaya. Don a gane tushen abin, a ɗauki samfura 100 a jera su layi goma a tsaye, layi goma a kwance. A gwada kowane layi, gwaji 20 ke nan. In layi na uku a tsaye da layi na bakwai a kwance suka nuna cuta, mai cutar yana inda layukan biyu suka haɗu. Tsarin na Ruwanda ya faɗaɗa wannan tunani, kuma mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakonsu a ƙarshen 2020. Sun nuna cewa na'urar PCR tana iya gano samfur ɗaya mai cuta ko da an cakuɗa shi da wasu 99 masu lafiya.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani

A ranar 30 ga Janairun 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da cutar makantar bakin kogi, wadda wani ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka, ta biyar a duniya bayan Kolombiya, Ekwado, Meziko da Gwatamala. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake tabbatar da irin wannan nasara. Ƙa'idar OMS ta tanadi a kama aƙalla ƙuda 6,000 a kowane yankin da cutar ke yaɗuwa, a cire kawunansu, a niƙa su rukuni-rukuni, galibi ɗari-ɗari, a nemi ƙwayar halittar tsutsar da ke kawo cutar. Babu ɗakin gwajin da zai bi ƙuda dubu shida ɗaya bayan ɗaya.

Haka yake a yaƙi da shan inna. Ana ɗebo ruwan magudanar unguwa a kai ɗakin gwaji, domin ruwan ya ratsa dubban gidaje kafin ya iso wurin. Najeriya ta fara wannan a Kano a 2011, Nijar ma tana yin sa a Yamai. Kwalba guda tana ba da labarin unguwa sukutum. Bambancinsa da tsarin Dorfman shi ne ba za a iya komawa baya a gano mutum ba, sai dai a san cewa ƙwayar tana yawo, a shirya allurar rigakafi.

Inda zai fi amfani a yau

Fagen da ya fi buƙatar dabarar yanzu shi ne tarin fuka. Gwajin da OMS ke so a fara da shi ana yin sa ne da na'urar GeneXpert, wadda ke cin kwanson gwaji ɗaya ga kowane mutum. Shekaru da dama farashin kwanson ga ƙasashe matalauta dala 9.98 ne, sai a watan Satumban 2023 kamfanin ya sauko da shi zuwa dala 7.97, wato tsakanin jika huɗu da biyar, kafin kuɗin dako. An gwada haɗa kakin mutum huɗu a kwanso ɗaya a Abuja, a Kamaru da Lawos, kuma binciken ya nuna ana tsimin kwanso ba tare da ɓatar da masu cutar da yawa ba.

A yi lissafi: in za a tantance mutum 100 a gidan kaso, a sansanin ƴan gudun hijira, ko a wurin haƙar zinariya, kuma 5 daga cikinsu ne ke da cutar, haɗa huɗu-huɗu zai ci kwanso kusan 44 maimakon 100. Abin da aka tsima ya isa a gwada wasu mutum fiye da ɗari. Ba kuɗi kaɗai ba, har da lokacin na'ura, domin ƙaramar GeneXpert kwanso huɗu take ɗauka a lokaci guda, kowane zagaye kuma yana cin sama da awa ɗaya. Ga ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 25 da na'urori ƙalilan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai tarin fuka da ba a gano ba yana ci gaba da tari a ɗaki ɗaya da matarsa da ƴaƴansa.

Fage na biyu shi ne jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Gwajin da aka saba yi yana neman alamar da jiki ke fitarwa bayan kamuwa, saboda haka wanda ya kamu da SIDA ko ciwon hanta kwanaki kaɗan da suka wuce zai iya wucewa ba a gane ba. Gwajin ƙwayar halitta yana rage wannan taga, amma yana da tsada. Tun ƙarshen shekarun 1990 Jamus da Amurka suka warware matsalar tsadar ta hanyar haɗa jinin masu bayarwa da yawa. Sai dai a nan ma akwai darasi: Afirka ta Kudu, saboda yawan masu SIDA, ta zaɓi gwada kowace ledar jini ita kaɗai tun 2005. A yankinmu ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, don haka haɗa jini kai tsaye ba zai yi riba ba. Hanya mai ma'ana ita ce a fara tace jinin da gwajin da aka saba, sannan a haɗa wanda ya fito lafiya a sake duba shi.

Fage na uku shi ne farkon sabuwar annoba. A ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko mai korona a Nijar, kuma a makonnin farko nauyin gwajin ya rataya ne a kan cibiyar CERMES da ke Yamai. A irin waɗannan makonni, masu cutar kaɗan ne, masu bukatar gwaji kuma dubbai: matafiya a kan iyaka, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, alhazai. Wannan shi ne ainihin lokacin haɗaka.

Inda bai dace ba

Mara lafiya da ke kwance ba a sa shi cikin rukuni. Yaron da aka kawo da sanƙarau, ko mashaƙo irin wanda ya addabi jihar Damagaram a 2023, ko kwalara irin wadda ta ɓulla a Madarunfa a 2018, yana bukatar sakamakonsa yanzu, ba bayan zagaye biyu ba. Bayan haka, a cikin masu alamun ciwo, waɗanda gwaji zai tabbatar suna da yawa, lissafin ya riga ya karye. Haka zazzaɓin cizon sauro da damina: gwajin gaggawa na ɗigon jini yana da arha, yana ba da amsa cikin mintoci, kuma masu kamuwa sun yi yawa.

Akwai kuma matsalar tsarma samfur. Na'urar PCR tana ninka ƙwayar halitta ne zagaye bayan zagaye, har wajen sau 40, kowane zagaye yana ninka adadin biyu. In an cakuɗa samfur ɗaya da wasu bakwai, ƙarfinsa ya ragu sau takwas, wato zai makara da zagaye uku kafin na'ura ta hango shi. Mai ƙwayar cuta da yawa za a gan shi duk da haka. Amma mai kaɗan, wanda dama sai dab da zagayen ƙarshe yake bayyana, zai iya sulalewa a ba shi takardar lafiya. Shi ya sa a watan Yulin 2020, da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da izinin haɗaka karo na farko, ta tsaya a samfura huɗu. Kowane ɗakin gwaji sai ya auna da na'urarsa da sinadarinsa ya ga iya inda zai tsaya.

Sannan haɗaka sinadari da lokacin na'ura kawai take tsimi. Tsinken auduga, kwalba, man babur, ma'aikacin da zai ɗauki samfur, duk suna nan yadda suke. Samfurin da ya taso daga Damagaram zuwa Yamai zai yi tafiyar kusan kilomita 900 cikin zafi. Wanda aka ajiye don zagaye na biyu yana bukatar firji, firji yana bukatar wuta, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarki a watan Agustan 2023. In kuma aka rikita lamba ɗaya a kan kwalba, kuskuren ba mutum ɗaya zai shafa ba, rukuni ne gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe ya shafi mutunci. Idan rukuni ya nuna cuta, mutum tara cikin goma ba su da komai. In aka kira su aka ce su dawo ba tare da bayani ba, musamman a kan SIDA ko tarin fuka, kafin yamma labari ya zaga unguwa, wani ya rasa aure, wani ya rasa aiki. Mafita ita ce a ɗauki samfur isasshe tun farko, a yi zagaye na biyu a cikin ɗakin gwaji, kada kowa ya ji komai sai sakamakonsa na ƙarshe. A kuma guji haɗa rukuni ta yadda jama'a za su gane su wane ne a ciki.

Abin da ya rage ga mahukunta

Dabarar ba ta bukatar sabuwar na'ura ko sabon gini. Abin da take bukata rubutacciyar ƙa'ida ce daga ma'aikatar kiwon lafiya: wace cuta, samfura nawa a rukuni, a wane kaso na masu kamuwa za a rage rukunin, a wane kaso za a daina. Tana bukatar a auna ta a CERMES da ɗakunan gwajin jihohi da samfuran gida, a horar da ma'aikata, a kuma samu tsarin lamba da rajista wanda ba ya rikicewa. Wannan aiki ne da ɗaliban lissafi da na kwamfuta a jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa za su iya sa hannu a ciki, haka ma ƴan ƙasa da ke aiki a ɗakunan gwaji na waje.

Ghana da Ruwanda sun ci ribar haɗaka ne saboda suna da ƙwararrun da suka san lissafin, suka kuma fara shi tun cutar ba ta yi yawa ba. Ƙasar da ta jira sai asibitoci sun cika kafin ta fara tsara ƙa'ida, za ta tarar masu kamuwa sun riga sun wuce kason da dabarar ke aiki. Tarin fuka kuwa ba sai an jira annoba ba, yana nan a yau, kuma kowane kwanso da aka tsima mutum ne da za a gwada wanda da ba za a gwada shi ba.